Kunnen Casimir Dudek

Hamtramck, farkon Yuni

Renata,

Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya, ke da zafin Arizona da kika fifita a kan gidan ubanki. Mamanki tana nan ƙalau. Ni ma ina nan da raina, in har wannan ya dame ki.

Tunda kiran wayata ya zama abin gudu a wurinki, ga shi na ɗauki biro. Kin ce wa Mamanki wayar ta kamfani ce, ana iya saurare, shi ya sa da na ce "inji" sai ki ce "Baba, sai anjima." To, wannan takarda ce, ba mai saurarenta.

Ga abin da ake ciki. Kamfani ya liƙa sanarwa a ƙofar masana'anta: duk wanda ke son komawa sabuwar masana'antar batir ta Ohio ya sa hannu kafin Yuli ya ƙare, ya tafi da shekarun aikinsa ba a taɓa masa ba. Bayan nan an rufe ƙofa. Wanda ya zauna, ya zauna da layinmu na inji mai silinda takwas. Idan sabuwar motar Rampart da za a fitar baɗi ta zo da mai takwas, muna da aiki har mu yi ritaya. Idan ba ta zo da shi ba, layin ya mutu, mu kuma a sallame mu. Sun ce mu zaɓa, amma ba wanda zai gaya mana abin da ke ƙarƙashin bonet ɗin motar. In wannan ba rainin wayo ba ne, mene ne?

Ki zo ki ga ɗakin cin abincinmu na masana'anta, ya koma kasuwar ƙarya. Abokina Otis ya rantse mai shida ne da tobo biyu masu ƙara wa inji ƙarfi, wai a mujalla ya gani. Fadi ya ce ɗan kawunsa yana aiki inda ake ƙera tankunan mai, kuma an ba su odar ƙaramin tanki, saboda haka rabi fetur ne rabi batir. Wani shashasha har cewa ya yi mai huɗu. Mai huɗu a cikin Rampart! Na ce masa ya je ya gaya wa kakarsa, ita ke tuƙa irin wannan. Tyrell kuwa, wanda matarsa ta haifi tagwaye watan jiya, sai dai ya zauna ya zuba min ido. Duk ni suke kallo, don ni ne wakilinsu a ƙungiyar ma'aikata, kuma kowa ya san 'yata tana cikin masu aikin motar.

Shekara talatin da ɗoriya ina ɗaura wa kamfanin nan inji. Da gumin mai takwas kika yi karatun da ya sa yau kike min shiru. Ba zane nake roƙo ba, ba hoto ba. Ki rubuto kawai: takwas, ko ba takwas ba.

Allah ya tsare. Ki riƙa shan ruwa.

Babanki,
Casimir


Arizona, tsakiyar Yuni

Zuwa ga Baba,

Barka da aiki, barka da haƙuri da ni. Ina fata ƙafarka ta yi sauƙi, kuma kana shan maganin ba tare da Mama ta bi ka da shi har gareji ba. Ni lafiya lau, sai dai zafin nan ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa.

Na karanta wasiƙarka, kuma na ji zafinta. Baba, ba gudunka nake yi ba. Na sa hannu a kan ba zan faɗa wa kowa komai game da motar nan ba, kuma ba a cire iyaye a cikin "kowa" ba. Bara an kori mutum biyu a gabana saboda hoton fitila kawai. Ba kora ce kaɗai ba, ba wani kamfanin mota da zai sake ɗaukarsu. Kai da kanka ka koya min cewa in mutum ya ba da kalmarsa, ya ba da ita ke nan.

Ban da haka ma, ni a sashen sauti nake. Aikina ƙarar ƙofa, ƙarar iska, ƙarar taya. Ba ni ke zaɓen inji ba.

Abin da zan iya cewa, a matsayin 'ya ba ma'aikaciya ba, shi ne Ohio ba bangon duniya ba ce. Tafiyar 'yan sa'o'i ce, kuma Inna Wanda tana can a garin Toledo, ba za ku rasa dangi ba. Ka yi tunani da kyau, ka bar mutanenka ma su yi nasu.

Ka gaida Mama da Kawu Otis. Allah ya ƙara lafiya.

'Yarka,
Renata


Hamtramck, ƙarshen Yuni

Renata,

Gaisuwa. Ƙafata lafiya, na gode da tambaya, Malama mai sauraren ƙofa.

Ki riƙe sirrinki, ki yi matashin kai da shi. Ba na bukata kuma.

Kin san tudun nan da ke bayan shingen filin gwajin kamfani, inda tsofaffi ke zuwa ranar Asabar da safe da kofi da kujerun ninkewa. Tun zamanin kakanki haka ake yi. Kamfani ya lulluɓe motarsa da baƙar leda, ya yi mata zanen jakin dawa don kada a ga siffarta, mu kuma mu zauna mu saurara, tunda ba a lulluɓe murya. Asabar ɗin nan mun je da Otis da Fadi da wasu. Can sai ga ta, an naɗe ta kamar gawa, amma faɗin ƙugun nan ko makaho ya san Rampart ce. Direban ya tsaya a kwanar da ke kusa da mu, ya bar ta tana silo, injin na bugawa a hankali, sannan ya taka.

Renata, tsigar jikina ta tashi. Otis ya fara surutunsa, wai ai yanzu ana iya gyara salansar mai shida ya yi ruri. Na ce, "Rufe min baki, Otis, kunnenka na jin kiran abinci ne kawai." Na rufe ido na ƙirga bugun. Takwas ne. Kuma ba takwas na wasa ba. Kin san Tsohuwa, Rampart ɗina ta gareji, wadda na ba ki aro bara don bikin ƙawarki kika dawo min da ita ba mai a ciki. Kin san yadda take ɗan shaƙuwa in tana silo, tun da na sake mata kayan ciki da hannuna. To, wannan sabuwar ma tana yi! Ashe har yanzu akwai mai hankali a saman benen can, wanda ya san yadda inji ya kamata ya yi numfashi. Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba, kuma na ce wa Fadi in ya faɗa wa wani sai na karya masa hanci.

Ranar Litinin na hau benci a ɗakin cin abinci na gaya musu. Ba wanda ya yi min gardama, don sun san ni ne mai tsayar da layi in na ji bawul ɗaya yana ƙara daga can ƙarshen ɗaki, kuma ban taɓa tsayar da shi a banza ba. Na ce wannan maganar Ohio dabara ce ta raba mu da wurinmu a kawo sababbi masu arha. Tyrell ya ciro takardarsa daga aljihu ya yayyaga a gabana. Ya ce, "In dai Caz ya ji, na ji," don Caz suke kirana. Kusan duk layin haka suka yi.

Ke kuma kina turo ni Toledo wurin Wanda, matar da ko miya ba ta iya ba. Kin san takwas ne, kika bar ubanki yana kwana ido biyu saboda wata takarda da kika sa wa hannu. Wannan ya ƙona min rai, kuma gara ki sani.

Allah ya ba ki lafiya.

Babanki


Arizona, farkon Yuli

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, kuma a gurguje nake.

Don girman Allah ka janye maganar nan. Ka koma ka ce musu ba ka tabbata ba. Ba a yanke wa mutum arba'in hukuncin rayuwarsu da abin da aka jiyo ta bayan shinge. Kada ka tambaye ni dalili. Ka yarda da ni sau ɗaya kawai, kamar yadda suka yarda da kai.

Ka ce wa Tyrell ya je ya karɓo wata takardar.

Allah ya kiyaye min kai.

Renata


Hamtramck, Yuli

Renata,

Na gaishe ki don Mamanki ta ce dole.

In janye? Wa ya aiko ki? Na san salon nan. Sun ji labarin layinmu ya ƙi sa hannu, sai suka ce a nemo 'yar Dudek ta lallashi tsohon. Ƙarin girma suka yi miki alkawari, ko ofis mai taga?

Ki ji nan. Za ki iya cewa ban yi karatu ba, gaskiya ne. Za ki iya cewa bakina ba linzami, wannan ma haka ne. Amma kunnena, yarinya, tun ba a haife ki ba ake turo min injin da na'urorinsu suka kasa gane ciwonsa. Yau ke ce za ki ce min ban ji abin da na ji ba? Ko ki faɗi magana a fili kamar 'yar gidan Dudek, ko ki bar ni da mutanena.

Ki zauna lafiya.

C. Dudek


Arizona, tsakiyar Yuli

Baba,

Ina gaishe ka, ko da yake cikin fushi nake. Ni aka aiko? Ni aka saya? To, ga magana a fili, tunda ita kake so. Idan ka gama karantawa ka ƙona takardar.

Babu takwas. Babu shida, babu huɗu, babu tankin Fadi. Batir ne daga gaba har baya. A ƙarƙashin bambar baya akwai wani akwati mai kama da salansa, lasifika ce a cikinsa. Direba ya taka, ita kuma ta yi ruri. Abin da ka ji ke nan a kan tudu.

Kunnenka bai yi ƙarya ba, kuma wannan ne ya fi ci min rai. Takwas ka ƙirga don takwas aka ɗauka. Shaƙuwar da ka ji ta Tsohuwa ce, Baba. Ita ce da kanta. An yi bikin ƙawata, ban yi maka ƙarya ba, amma washegari na kai motar ɗakin ɗaukar sauti na kamfani, na jera mata makirufo tun daga bonet har salansa. Can man ya ƙare.

Kafin ka fara zagina, ka ji dalili. Sautin da suka haɗa da kwamfuta kamar injin share dardumar Mama yake. Na zauna a taro ina jin suna tafa wa wannan abin kunya, suna shirin liƙa masa sunan Rampart. Na ce na san yadda muryar motar nan take, a cikinta na girma. Da na kunna musu Tsohuwa, nan take suka yarda da ita. Shugabana ya ce a goge shaƙuwar, wai aibi ce. Na yi faɗa da shi har na kusa rasa kujerata, don shaƙuwar nan aikin hannunka ce. Na so ranar da za a yaye lulluɓin in tsaya kusa da kai in ce, "Baba, saurara, kai ne." Ban taɓa kawo wa raina cewa za ka je tudu ka hau benci ba. Da na yi tunani, da na san za ka je, tunda duk Asabar can kake.

Yanzu ka san abin da mutane ƙalilan suka sani. Idan maganar lasifika ta fito daga layin da Dudek ke wakilta, ba sai an yi bincike ba, aikina ya ƙare a nan da ko'ina. Na sani, kuma na rubuto, saboda tagwayen Tyrell. Ba saboda kai ba, don kai yau ba ka cancanta ba.

Ka yi abin da ka ga dama. Ka gaida Mama.

'Yar gidan Dudek,
Renata


Hamtramck, Yuli

Renata,

Ina fata kina lafiya. Na ƙona ta.

Na shiga gareji na zauna a cikin Tsohuwa da makulli a hannu, na kasa tayar da ita. Shekara nawa na yi ina gyaran motar nan da ɗan abin da ya rage bayan kuɗin makarantarki, ke kika ɗauke ta kika kai wa mutanen da za su rufe layina, suka cire mata murya suka cusa a cikin firji mai taya. Kuma wai kyauta kika shirya min! Ki riƙe kyautarki. Za su kashe mai takwas, su bar kukansa yana yawo a titi don masu kuɗi su ji daɗi, kuma da hannun 'yata aka yi. Ban taɓa jin baƙin ciki irin wannan ba tun ranar da muka binne kakanki.

Da ma ba ki faɗa min ba. A'a, da ma kin faɗa min tun wasiƙar farko, kafin in buɗe wannan bakin nawa a kan benci.

Kin ga inda kika ajiye ni? In na yi shiru, watan nan zai ƙare, mutum arba'in su zauna jiran injin da babu shi, saboda ni na ce su zauna. In na ce musu lasifika ce, Fadi kaɗai ya isa ya kai maganar Kanada kafin a tashi aiki, ke kuma su jefo miki kayanki a kwali. In kuwa na lallaɓa na sa hannu ni kaɗai, to gara in bar garin da dare in canza suna. Jiya Tyrell ya kawo min hoton yaran yana dariya, ya ce ɗaya za a sa masa Casimir a tsakiyar sunansa. Na rasa inda zan sa fuskata.

Kada ki rubuto. Kada ki kira Mamanki ki yi mata kuka, ta ishe ni haka ma.

Allah ya tsare ki duk da haka.

Babanki


Hamtramck, ƙarshen Yuli

Renata 'yata,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata kina cin abinci ba kofi kaɗai ba. Babanki bai san ina rubuto miki ba, kuma ko ya sani bai isa ya hana ni ba.

Ban san abin da ke cikin wasiƙar da ya ƙona a tukunyata mai kyau ba, ban kuma tambaya ba. Amma ba jiya aka haife ni ba, kuma ya kamata ki san abin da ya faru.

Ranar Asabar bai je tudu ba. Ya tafi kantin magani ya dawo da na'urar ƙara ji, irin mai arhar nan mai launin fata da ake maƙalawa a bayan kunne. Na ce, "Caz, kai da kake jin ɗigar famfon maƙwabta?" Ya ce in shafa masa lafiya. Ko batir bai sa mata ba.

Ranar Lahadi bayan coci ya kira taro a zauren ƙungiya. Na je da sunan raba kofi. Ya tsaya a gaba da abin nan a kunne, ya juya kai don kowa ya gani. Ya ce, "Na je wurin likita. Ya ce kunnena ya daɗe da lalacewa, rurin layi ne ya zauna a ciki, ko'ina na je shi nake ji. Abin da na ce na ji a tudu, ban san mene ne ba. Wataƙila shida ne, wataƙila motar shara ce ta wuce. Kada wanda ya jingina abincin 'ya'yansa a kan kunnena. Ni dai gobe zan sa hannu, kowa ya yi wa kansa lissafi."

Renata, sai ka ce an taɓa gidan rina. Wani ya miƙe ya ce, "Wato kurma muka bi muka yaga takardunmu?" Wani ya ce, "Tun yaushe ka sani, tsoho? Injin nawa ka bari suka wuce da ciwo kana mana burga?" Fadi ya ce shi da ma ya faɗa, ba wanda ya saurare shi. Aka ce mutumin da ba ya ji ba zai wakilci kowa ba. Babanki ya cire bajen ƙungiya daga rigarsa ya ajiye a kan tebur. Kin san shi, da a da ne da kujeru sun tashi sama. Ina kallon jijiyar wuyansa tana harbawa.

Tyrell bai zage shi ba, kuma wannan ya fi zagin ciwo. Ya dube shi kawai, ya ɗauki hularsa ya fita.

Otis ne ya tsaya har kowa ya watse. Ya zo bayan babanki, ya yi ƙasa da murya yadda ni da ke kusa da kyar na ji, ya ce, "Maƙaryacin banza." Kunnen babanki ya yi jawur. Otis ya gani, na gani. Sai ya dafa kafaɗarsa, ya ɗaga murya kamar mai kiran wanda ke tsallaken titi, ya ce, "Caz! Na ce mu je ka ci abinci!" Otis bai tambaye shi komai ba.

An ce washegari layin masu sa hannu har waje. Ba duka ba, akwai masu taurin kai da suka ce su sun ji rurin da kunnensu, kuma babanki yana bin su gida gida suna rufe masa ƙofa.

Na fara haɗa kwalaye. Fushi nake yi da ke, fushi nake yi da shi, kuma ina son ku duka biyu, abin da ya fi gajiyar da ni ke nan. Allah ya yi miki albarka.

Mamanki,
Dolores


Hamtramck, Agusta

Renata,

Gaisuwa. Na ji uwarki ta riga ni kai rahoto.

Na sa hannu. Tyrell ma ya sa, amma ba ya amsa gaisuwata. Mutum bakwai sun ƙi, kuma ina ɗauke da su a wuyana. Ba wanda ya ambaci sunanki, ba kuma wanda zai ambata. Ki riƙe aikinki da kyau, an saye shi da tsada.

Ban huce ba, kada ki yi zato. Amma ki zo ki taya mu kwashe kaya, ciwon baya ba zai bar Mamanki ta iya ba. In kin zo, duk lokacin da za ki yi min magana a gaban mutane ki riƙa ɗaga murya, ki maimaita sau biyu. Ubanki kurma ne yanzu, kuma haka zai zauna har ya mutu.

Allah ya kawo ki lafiya.

Babanki,
Casimir